Ƙofar da Na Buɗe wa Kompadrena

San Gabino,
17 ga Nuwamba.

Zuwa ga yayata Marielos,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Don Heriberto da yara baki ɗaya. Yaya sanyin New Jersey, ya fara shiga ƙashi ko da saura? Yaya gwiwar nan taki? Mama ta ce in gaya miki ki daina hawa bene da kwandon wanki, ba ke kaɗai Allah ya yi wa hannu a gidan ba. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa albarka a nemanku. Mu nan lafiya lau, sai gajiya. Hawan jinin Mama ya sauka, bakin ne dai bai sauka ba. Matata Lidieth na fama da ciwon bayanta amma tana aikinta. 'Yarmu Yendri ta gama jarrabawa, ta yi tsawo har ta wuce uwarta, ba za ki gane ta ba. Kofi ya fara nuna a gonar gangare, sai dai ruwan Oktoba ya kakkaɓe mana da yawa, masu tsinka kuwa sun fara isowa.

Na san za ki yi dariya, mutumin da ya shekara ashirin da shida yana ja wa mutane wayar sadarwa yau shi ne ya zauna da biro da takarda kamar kakanmu. Ki yi dariyarki. Maganar da zan yi ba na son ta bi ta cikin na'urar kowa, kuma na fi son ki ji ta daga bakina kafin mutanen garinmu da ke can su kawo miki ita da gishiri da barkono. An karɓe makullan ɗakin na'urori daga hannuna, Yaya. Ba a kore ni daga ƙungiyar sadarwar kwarinmu ba, amma an sauke ni. Yanzu ina cikin masu hawa turakun sabis suna kwance kaya, ni da furfurata.

Kin dai san dokar da ta zo daga babban birninmu San José, cewa kayan sadarwar da aka sayo daga kamfanonin wasu ƙasashe ba za su zauna a sabon tsari ba, wai don tsaron ƙasa. Tun daga shekarar nan da ɓarayin kwamfuta suka tsayar da ofisoshin gwamnati da asibitoci cik, kowa a babban birni inuwarsa ma tsoro take ba shi. Namu kayan kuwa, tun daga eriyar da ke kan dutse har manyan akwatunan da ke ɗakin sanyi, duk na kamfanin ƙasar Sin ne. Shekara goma sha shida suna aiki ba su taɓa kunyata mu ba. Sai ga shi rana ɗaya an ce maciji ne muke kwana da shi. A taron ƙungiya na tashi na tambaya, to sababbin da za a kawo, a wane gari na ƙasar nan aka ƙera su? Babu ko ɗaya. Su ma daga ƙetare za su zo, a rufe ruf, ba mai iya buɗe cikinsu ya gani. Mu da ko ƙusar da ake ɗaure su ba ma ƙerawa, iyakarmu mu zaɓi maƙwabcin da zai riƙa leƙen tsakar gidanmu. Manya na can suna ta ja-in-jarsu, mu ciyawa muna nan ƙasa. Amma ba wannan ne ya kayar da ni ba, Yaya. Ni na haƙa wa kaina rami.

Kin tuna Fang, injiniyan da kamfanin ya turo lokacin da aka kafa kayan, siririn nan mai tabarau da ya kama ɗaki a bayan gidan Mama. Ke ce ma kika ce idan iska ta taso sai an ɗaure shi da igiya. Shekara biyu ya yi tare da mu. Mama ta ɗura masa shinkafa da wake kowace safiya har ya yi kumatu, shi kuma ya koya mini aikin nan tun daga tushe, abin da ko a makaranta ban samu ba. Da aka haifi Yendri kina can, ba ki ga rigimar da aka sha ba. Na ce shi zai zama ubanta na baftisma, Fada Eladio ya ce sam, sai ya ga shaida. Fang ya sa aka aiko masa da wata tsohuwar takarda daga ƙauyen kakarsa na masunta, inda aka yi masa baftisma yana jariri. Fada ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, bai iya karanta ko harafi ɗaya ba, ya ce to, Allah dai yana jin kowane yare. Tun daga ranar muka zama kompadre, wato uban yarinya da ubanta na baftisma. Ke kin san nauyin wannan kalma a wurinmu. Kompadre ba ya ƙwanƙwasa ƙofa, ba a tambayarsa me ya kawo shi, kuma ba a ƙirga masa loma. Ya koma ƙasarsu shekara goma sha huɗu ke nan, amma ba Lahadin da ta taɓa wucewa bai kira da safe bayan mun dawo daga coci ba. Yendri ta ce a sa mata albarka, ya sa mata da gurɓataccen Sifaniyancinsa, sannan mu yi hirar ƙwallo da tsadar taki.

To, shekara biyu da suka wuce, ranar da ƙasa ta zaftare ta rufe hanyar Cedral, kin ga hotunan. Abin da ba ki sani ba shi ne, da wuta ta ɗauke ta dawo, babbar na'urar ta ƙi tashi. Misalin ƙarfe biyu na rana ne, ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙauyuka uku a yanke a hayin kogi, ba mai iya kiran asibiti, ba mai sanin wanda ƙasa ta binne da wanda ya tsira. Na yi duk abin da na sani, na'ura ta yi mini kunnen uwar shegu. Ofishin kamfanin da ke San José suka ce in cike takarda, za a duba cikin awa arba'in da takwas. Awa arba'in da takwas, Yaya! Sai na ɗauki wayar ofis mai igiya, wadda ita kaɗai ta rage, na kira kompadrena. Can wurinsu asuba ma ba ta yi ba, amma bugu biyu ya ɗauka. Ya ce ba zai iya gyara abin da ba ya gani ba. Akwai wata hanya da mutum zai iya shiga na'ura daga nesa kamar yana zaune a gabanta, mu a wurin aiki ƙofar baya muke ce mata, kuma doka ta hana a buɗe wa kowa ita sai da sa hannun mutum uku. Ban nemi ko ɗaya ba. Na buɗe, na ba shi lambar sirri. Cikin minti arba'in sabis ya dawo. Kiran farko da ya wuce na matar Chalo Navarro ne, tana ihu a zo a tono mijinta, kuma an tono shi da rai, yana nan yana ta shan giyarsa har yau.

Wannan ban yi nadamarsa ba, ko gobe aka sake zan sake. Abin da ke ci mini rai shi ne ban rufe ƙofar ba. Da farko na ce bari damina ta wuce, kada abin ya sake faruwa. Damina ta wuce, tsinkar kofi ta zo, aka shiga wani aikin. Nakan tuna jefi-jefi, sai zuciyata ta ce haba, wa ke da lambar in ba kompadre ba? Ka taɓa karɓe makullin gidanka daga hannun uban 'yarka? Sabo turken wawa, Yaya. Wata ashirin da uku ƙofar nan tana buɗe, kuma duk kiran da aka yi a kwarin nan, na asibiti, na 'yan sanda, na Mama da ke, ta gabanta yake wucewa.

A watan Oktoba aka turo masu bincike kafin a fara sauya kaya. Shugabarsu wata Injiniya Brenes ce, yarinya ce a kaina, ba ta da hayaniya, ba ta ko shan kofin da aka kawo mata sai ya huce. Kwana biyu ta yi ta gano. Ta kira ni ɗakin na'urori, ta juyo mini da fuskar kwamfuta, ta ce Don Ovidio, wannan aikin wane ne? Na ce nawa ne. Na gaya mata komai, har da Chalo Navarro. Ta saurara har na gama, sannan ta nuna mini wani abin da ban sani ba. Na'ura tana rubuta duk lokacin da aka shiga. Bayan ranar zaftarewar ƙasa an sake shiga sau uku, a watanni daban-daban, kowane shiga bai wuce 'yan mintuna ba. Wa ya shiga, me ya duba, ta ce rubutun bai kai nan ba. Na ce ai kompadrena ne, mai yiwuwa yana duba lafiyar gyaran da ya yi, na san halinsa, mutumin da ko lemo ya tsinka a bishiyar Mama sai ya zo ya faɗa. Ta ce ba ta musa ba, wataƙila ma ya fi mu duka kirki. Amma ta ce ƙofa ba ta san fuska ba, lamba kawai ta sani. Mutumin kirki yana da shugaba, shugaban yana da nasa shugaban, kuma idan aka ce masa kawo lambar nan, a can ba lalle ne yana da bakin cewa a'a ba. Na ji haushinta ƙwarai.

Daga nan ta ce kada a rufe tukuna. Za a bar ta a buɗe mako uku a zuba ido, kamar tarkon ɓera, a ga ko wani zai shigo. Ta sa na yi alkawari ba zan gaya wa kowa ba, musamman shi. Lahadi uku na yi ina hira da kompadrena, yana tambayata ciwon bayan Lidieth, yana tsokanata wai ƙungiyar ƙwallonmu ko da awaki aka haɗa ta sai ta sha kashi, ni kuma ina dariyar yaƙe, ina jin kaina kamar wanda ya ɗana wa baƙonsa tarko a ƙarƙashin tabarma. Ba wanda ya shigo. Na yi murna, na je na ce mata kin gani ko? Ta ce ta gani, amma rashin shigowar ɓarawo a mako uku ba shaidar komai ba ne.

Ana jibi za a zauna a kwamiti, manajanmu Don Efrain ya kira ni ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya zuba mini kofi da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba tun da nake. Ya ce Ovidio, kai ɗan'uwa ne, tare muka yi makaranta, kada ka zama jaki. Wai in ce ban san da ƙofar ba, mutumin kamfani ne ya bar ta tun lokacin da ya kafa kaya. Abin da na gaya wa Injiniya kuwa, a ce ruɗewa ce, ai ba a rubuce yake ba. Ya ce kamfanin dama korarsa ake yi, mutumin kuma yana can bayan duniya, ko sunansa aka rubuta a jarida ba zai ji ba, kuma labarin ɗan Sin ya saci hanya shi ne labarin da kowa a San José yake jiran ji, har tafi za a yi mana. Ya ce saura shekara shida in yi ritaya da cikakken matsayina, in tuna da Yendri da karatunta. Kwana na yi ina juya maganar, ba zan ɓoye miki ba, ta shige ni. Lidieth ba ta ce in yi ba, ba ta ce kada in yi ba, sai ta ce in dai na yi, to in nemi wanda zai riƙa ɗaga wayar Lahadi, ita ba za ta iya ba. Mama kuwa da ta ji, cewa ta yi Efrain tun yana yaro shi ke cinye ayaba ya ce biri ne.

A gaban kwamiti na faɗi abin da ya faru. Na ce ni na buɗe, ni na ba da lamba, ni na ƙi rufewa, mutumin nan bai taɓa roƙona komai ba, ni na tashe shi daga barci. Wani daga cikinsu ya tambaye ni ko na san cewa amanar mutum dubu goma sha ɗaya ce a hannuna. Na ce na sani. Ya ce to me ya sa na miƙa ta ga baƙo. Na ce ba baƙo ba ne, kompadrena ne. Wasu suka yi dariya, amma tsofaffin cikinsu ba su yi ba, don da su ne a kujerata, abin da za su yi ke nan, kuma sun sani. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Aka ce in miƙa makullai ranar Juma'a. Ba zan ce an zalunce ni ba. Gajiya kawai na ji, irin wadda barci ba ya maganinta.

Ranar Juma'ar, Injiniya Brenes ta ce tunda hannuna ya buɗe, hannuna ya rufe. Ƙarfe sha ɗaya na safe na goge lambar, na rufe ƙofar, na miƙa makullai, na fito. Na zauna a cikin mota na buɗe ƙunshin abincina, ban ko kai loma ta biyu ba wayata ta yi ƙara. Saƙo ne daga Fang. Ya ce, kompadre, na ga an rufe ƙofa, ka yi daidai, da ma tuntuni ya kamata. Shi ke nan abin da ya rubuta.

Yaya, ban gaya masa ba. Ba wanda ya gaya masa. Ko awa ɗaya ba a yi da rufewa ba, kuma can wurinsu dare ya raba. Ta yaya ya sani? Mutum ba ya sanin an kulle ƙofa sai in ya taɓa ta, ko kuma yana zaune yana kallonta. Na yi ta kawo masa uzuri. Wataƙila duk watannin nan gadinta yake yi mini, kamar maƙwabcin da ya ga ka tafi gona ka bar gida a buɗe, yana jin nauyin ya ce maka ka yi sakaci. Wataƙila kuma wasu ne suke tsaye a kansa, shi kuma wannan saƙon ne iyakar abin da zai iya faɗa mini, yana nufin Allah ya raba ka da su. Wataƙila kuma ni ne wawa tun farko. Duk ukun suna iya zama gaskiya, kuma ba ni da hanyar sani. In na tambaye shi ya ce gadi yake yi, da wane ma'auni zan auna? Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na ba da matsayina don kada in yi masa ƙazafi, kuma ban yi da-na-sani ba, amma yardar da na tsaya a kanta gaban kwamiti, da na waiwaya ban same ta yadda na bar ta ba.

Asabar na wuni a gona ban tsinki abin kirki ba. Ina iya goge saƙon, ba mai sani har abada. Amma na tuna mutumin kwamitin da dubu goma sha ɗayansa. Su ma amana suka ba ni, kuma su ba su zaɓi Fang ba, ni na zaɓa musu. Da yamma na tuƙa har masaukin Injiniya Brenes, na same ta tana haɗa kaya, na miƙa mata wayar. Ta karanta sau biyu, ta ɗauki hotonsa, ta ce dole ya shiga rahoto, da sunansa. Ta ce ta san abin da wannan ya ci mini. Na ce ba ki sani ba, 'yata, amma na gode. Sunan da na hana Efrain rubutawa da ƙarya, ga shi na kai shi da ƙafata an rubuta da gaskiya. Abin da zai jawo masa a wurin aikinsa, ko a can ƙasarsu, Allah kaɗai ya sani.

Jiya Lahadi muka dawo daga coci, Lidieth na soya ƙwai, sai waya ta yi ƙara a kan tebur, daidai lokacinsa. Na tsaya ina kallonta, hannuna ya ƙi zuwa. Yendri ta fito da gudu ta ɗauka, don ita ba ta san komai ba sai cewa an canja wa babanta aiki. Na fice tsakar gida, amma ina jin su ta taga. Ta ce a sa mata albarka, ya sa mata, muryarsa yadda take kullum, har da tsokanarta ko ta fara kula samari. Sannan na ji ya ce ina babanki, ina kompadrena? Ta leƙo ta taga tana miƙo mini wayar. Na girgiza kai, na nuna mata hanyar gona da hannu. Yarinyar ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta ce masa Baba ya tafi gona. Ni da na ƙi yi wa kwamiti ƙarya, na sa 'yata ta yi wa ubanta na baftisma ƙarya, ran Lahadi, da kayan coci a jikinta. Da ta ajiye wayar sai ta shige ɗaki, ƙwan ma ba ta ci ba. Wata Lahadin kuma tana nan tafe, saura kwana shida, ban san abin da zan yi ba.

Ki sa ni a addu'a, Yaya, shi ma ki sa shi, ko mene ne gaskiyarsa. Ki gaishe mini da Don Heriberto, ki ce masa ya rage aikin rufin gidaje cikin sanyin nan, shekaru sun ja. Ki gaishe da Maureen da mijinta da jaririnsu, da Esteban, da Gwaggo Nidia in kin je Paterson. Mama da Lidieth suna gaishe ku da kyau. Yendri ma na san za ta ce a gaishe ku, sai dai tun jiya ba ta yi mini magana ba.

Ni ne ƙanenki,
Ovidio Gamboa.